Shin hoto zai iya sa mutane su yi tsimin ruwa? Amsa ga wata malama daga Gashuwa

"Assalamu alaikum. Ni malamar sakandare ce a Gashuwa. Bana ruwan sama ya ɗauke da wuri, rijiyoyin unguwarmu sun yi ƙasa, kuɗin jarka kuma ya tashi. Ina da wasu ɗalibai masu son ɗaukar hoto da waya, sai muka yi shawarar mu riƙa ɗaukar hotunan kogi da tsuntsayen fadamar Dagona muna bazawa, ko mutane za su ji ƙaunar wurin su rage ɓarnar ruwa. Maigidana ya ce wasan yara ne, wanda yake sayen ruwa da kuɗinsa ba sai an nuna masa hoto ba. Shin hoto yana sa a yi tsimin ruwa da gaske? Kuma wane irin tsimi ne yake da tasiri lokacin fari?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa ɗaliban nan albarka. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na farko, ko hoton kogi da tsuntsaye zai iya sauya yadda mutum yake amfani da ruwa. Na biyu, in fari ya zo, a ina ya kamata a matse hannu. Zan fara da na biyun, domin sai an san inda ruwa yake zurarewa kafin a san inda za a saita kyamara. Aikina na shekaru auna ruwa ne a kwarin Haɗeja da Jama'are, tsakanin kanal da fangali da bakin rijiya. Ɗaukar hoto daga baya ya same ni, don haka ki karɓi maganata a matsayin ta ma'aikacin ruwa da ya rataya kyamara.

Maigida ya faɗi gaskiya a kan mai sayen ruwa. Mu yi lissafi. Gida mai mutum takwas, kullum yana sayen jarka shida mai lita 25 wurin ɗan garuwa. Lita 150 ke nan, kowa bai kai ga lita 19 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a rana a matsayin matakin ƙasa na samun ruwa, wanda ko wanka da wanki ba ya ɗauka yadda ya kamata. Matar wannan gida ta riga ni da ke sanin tsimi. Ƙasarin hatsi na awaki ne, ruwan ɗaurayar kaya shi zai wanke banɗaki. In aka kai mata hoton zalɓe aka ce ta rage ruwa, an raina mata hankali. Inda na rabu da maigida shi ne, ba ita kaɗai ce mai taɓa ruwan garin ba, kuma ba ita ce mai ɓarnar ba.

Daga ina ruwanku yake zuwa

Kogin da ya ratsa Gashuwa ruwan wasu ne ya iso muku. Kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos, na Haɗeja kuma daga haɗuwar kogin Kano da na Chalawa. Su biyun suna bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, sannan su tattaru su zama Komadugu Yobe, wanda ya bi ta Gaidam, ya zama iyaka da Nijar inda manoman tattasan Diffa suke sha daga gare shi, ya ƙare a Tafkin Chadi. Da can, damina tana sauka kogunan su cika su malale bisa fadama. Masu bincike sun kiyasta cewa a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 malalar tana rufe hekta dubu 250 zuwa dubu 300. Wannan ruwan da yake kwanciya wata biyu ko uku shi yake nutsewa ya ciyar da rijiyoyi, shi yake ba da shinkafa da kifi, kuma in ya janye ya bar wa makiyaya ciyawa, ya bar wa manomi danshi.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 suka rage ruwan sama a duk yankin Sahel. A tsakanin nan aka kammala madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Chalawa a 1992, domin noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da kuma shan birnin Kano. Malalar fadama ta ragu zuwa kamar hekta dubu 70 zuwa dubu 100 a shekaru da dama da suka biyo baya. Yawancin ruwan da ke isa gadarku yanzu na Jama'are ne, wanda ba a datse ba, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar gina madatsar Kafin Zaki a kansa mutanen ƙasan kogi suke tada jijiyar wuya.

Na kawo wannan ne don ɗalibanki su gane cewa in rijiya ta yi ƙasa a watan Maris, dalilin yana iya zama ruwan saman bana, yana iya zama ƙarancin malalar bara, yana iya zama yawan burtsatse da injinan ban-ruwa da suke zuƙa daga tushe ɗaya. Sau da yawa duka ukun ne.

Inda tsimi yake da nauyi

A cikin gari, ɓarna tana zaune ne inda ba a sayen ruwa da awo. Tankin bisa da ya cika yana ambaliya tun hantsi saboda mai gidan ya kunna inji ya fita. Burtsatsen sola da ba shi da abin tsayarwa, rana na fitowa yana zuba har ta faɗi. Famfon makaranta ko na masallaci da robarsa ta cinye, kowa ya wuce ya ce ba nasa ba ne. Bututun da ya fashe a bakin titi har ciyawa ta tsiro. Wurin wankin mota da ake sakin tiyo a ƙasa. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin jarka guda a yini da kwana, wanda yake tsiyaya kuwa ba a magana. Gyaran irin waɗannan ba shi da tsada: roba, ko sabon kan famfo, ko balbalin nan mai ƙwallo da ke rufe tanki in ya cika. Abin da ya rasa shi ne mai jin cewa alhakinsa ne.

Masallaci wuri ne mai sauƙin farawa, domin hujjar tana hannun liman tun kafin ki zo. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda, mudun kuwa na wancan awo bai kai lita ɗaya ba. Mai alwala da buta yana kusa da wannan. Mai alwala a buɗaɗɗen famfo yana iya ninka shi sau da yawa bai sani ba. Inda aka jera butoci, aka kuma ja ruwan alwalar ta ɗan kwalbati zuwa gindin darbejiya ko zogale maimakon ya kwanta a lungu ya tara sauro, an yi riba biyu. Ruwan sabulu shi ma bishiya za ta sha, amma kada a zuba wa latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Abu biyu kuma ba a tsimi a kansu ko da fari ya kai ina: ruwan sha da wanke hannu. Wanda ya rage su ya gayyato amai da gudawa.

Sai tarar ruwan sama, wadda aikin damina ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai mita goma tsawo da goma faɗi, ko da damina ta tsaya a milimita 400, zai sauke lita dubu 40. A cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da ruwan farko da ake bari ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, saura lita dubu 32, jarka 1,280. Ajin makarantarki ma ya kusa wannan girman. Wahalar tana wurin ma'aji, domin tanki yana da tsada, kuma dole a rufe shi ruf.

Duk wannan ƙarami ne in aka kwatanta da gona. A duniya, kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ake ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa noma ne yake sha. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin ta kiyasta cewa ana zuba kusan lita 2,500 a gona kafin a sami kilo ɗaya na shinkafa, wato jarka ɗari. Ga wani lissafin da nake so ki rubuta wa ɗalibai a allo. In manomi ya ƙara wa hekta ɗaya ruwa mai zurfin santimita ɗaya kacal fiye da buƙata, lita dubu ɗari ya zuba. Gidan nan mai jarka shida sai ya kusa shekara biyu kafin ya sha haka.

Manomin ba mugu ba ne. Yana cika fangali har baki saboda ruwa yana danne ciyawa, kuma bai da tabbacin yaushe zai sake samun layi. Dabarar da na fi gwadawa da masu shinkafa ita ce ta bututu. A yanko bututun roba mai tsawon santimita 30, a huhhuda rabinsa na ƙasa, a kafa shi a gona, a kwashe ƙasar cikinsa. Bayan an yi ban-ruwa sai a bari ruwan saman ya ƙafe, ana leƙa bututun. Ba za a sake ba da ruwa ba sai ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa, domin har zuwa nan saiwa tana sha. Tana iya rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfani ya ragu ba, kuma mai inji yana ganin ribar a kuɗin fetur tun makon farko. Sharaɗinta, kada a bar gona ta bushe lokacin da shinkafa take fitar da kai, kuma ba ta dace da ƙasa mai rairayi sosai ko mai kanwa ba. Masu tumatir da albasa kuma, ban-ruwa da sassafe ko da yamma, daidaita fangali don kada gefe ɗaya ya nutse ɗayan yana ƙishi, da shimfiɗa buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa a gindin shuka, sun fi duk wata sabuwar na'ura saurin biya.

Akwai wani abin da mu ma'aikatan ruwa ba mu cika faɗa a taro ba. Ruwan da ya nutse a gona ba duka ne ya salwanta ba, wani yana komawa rijiyar maƙwabci ko ya koma kogi. Wanda ya tafi ba dawowa shi ne wanda rana da iska suka shanye, kuma a yankinmu buɗaɗɗen ruwa yana iya rasa zurfin mita biyu ko fiye a shekara ta wannan hanya. Haka kuma na sha ganin manomi ya rage ruwa a fangali, sai ya ƙara faɗin gona da abin da ya rage. Shi ya ci riba, kogin bai ga komai ba.

Hoton da ya ba ni kunya

Yanzu mu zo kan hoto. Shekarun baya na ɗauki wani hoto da hantsi a hanyar ruwan Marma, wadda take kai ruwa tafkin Nguru. Ciyawa kore shar har iya ganin ido, balbelu fari fat a jere, ga wani yaro a kwalekwale. Abokaina na birni suka yi ta yabo, wani ma ya ce ashe arewa tana da aljannar duniya. Da na koma ƙauyen na nuna wa wani dattijo masunci, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗan nan, ai abin da ya cinye mana gona ka ɗauko."

Kacala ce, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa. Da can kogi yana cika da damina ya bushe da rani, bushewar nan ita take kashe ta. Da madatsu suka sa ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan duk shekara, sai ta sami gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta tara laka, ta hana kwalekwale da koma wucewa. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ya kwanta bisa gonakin wasu a ɓangaren Marma da Nguru, wasu hanyoyin kamar tsohon kogin Haɗeja da Burum Gana suka koma ƙishi. Tsuntsun jan-baki kuma ya sami maɓoya a cikinta yana fitowa ya far wa shinkafa da gero. Ita kanta tana zuƙar ruwa tana fitarwa sama dare da rana. Wato a cikin kwari ɗaya wani yana kuka da ambaliya, wani da fari, hotona kuwa ya nuna wa mutanen birni cewa lafiya lau ake.

Tun ranar na daina yarda da kyawun hoto shi kaɗai. Kore ba kullum yake nufin lafiya ba, busasshiyar ƙasa mai tsattsagewa ma ba kullum take nufin bala'i ba, domin kowace bazara haka gindin tafki yake. Wanda ya ɗauki tsagaggen tafki a watan Afrilu ya ce ga fari, bai faɗi komai ba sai in ya nuna yadda wurin yake a Afrilun bara.

Hotunan da suka fi kowane tasiri a yankinmu ba kyawu ne ya ɗaga su ba. Na Tafkin Chadi ne da aka ɗauka daga sama aka jera: 1963, 1973, 1987, 1997. A na farko tafkin ya kai murabba'in kilomita dubu 25, a tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwansa ya koma ƙasa da dubu biyu. Babu wanda zai kalli jerin nan bai girgiza ba, gani ya kori ji. Amma ko su suna da nasu aibin. An ci gaba da yawo da su shekara da shekaru ana cewa tafkin yana gab da ɓacewa, alhali binciken tauraron ɗan'adam da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa cikin shekaru ashirin da suka gabace shi tafkin bai ci gaba da raguwa ba, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi inda kyamara ba ta gani. Jerin da aka tsayar a mummunar shekara yana ba da rabin labari.

Misalin da na fi so daga Nijar yake. Tun 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yake aiki da manoman Maraɗi a kan sassaben zamani, wato in an zo sharar gona a bar tohon kututture, a zaɓi mai ƙarfi a rage sauran, har ya zama bishiya. Shekaru kusan ashirin duniya ba ta san girman abin ba, sai da masu bincike irin su Gray Tappan da Chris Reij suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975 suka ajiye su gefe da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000. Gonakin da suke fayau a da sun cika da gawo da sauran itatuwa. Kiyasin da aka fitar ya kai hekta miliyan 5 da bishiya kusan miliyan 200. Manoma ne suka yi aikin, hoto ya zama shaida, shaidar kuma ta jawo hankalin gwamnatoci da masu ba da tallafi.

Birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu ya nuna ɗaya gefen. A farkon 2018, bayan shekara uku na fari, hukuma ta sanar cewa in madatsu suka sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfuna, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25. Hotunan babbar madatsarsu ta Theewaterskloof, da matattun itatuwa tsaye cikin rairayi, sun zagaya duniya, sun kuma tsorata mazauna birnin. Sai dai hoton bai yi aiki shi kaɗai ba. Daga 1 ga Fabrairu aka ƙayyade lita 50 ga kowane mutum, aka tsauwala kuɗin ruwa, aka rage ƙarfin ruwa a bututu, aka yanke kason manoma, ana kuma sanar da matakin madatsu kowane mako. Shan birnin ya sauko da fiye da rabi in an kwatanta da 2015, ranar rufe famfon ba ta zo ba. Ki lura, lita 50 da suka kira ƙunci ta ninka abin da gidan nan namu mai jarka shida yake samu fiye da sau biyu.

Abin da zan sa ɗalibai su yi

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Aikinki shi ne ki mayar da wayar yaran nan mudu. Ku zaɓi wurare kaɗan, huɗu ko biyar sun isa: wani wuri a bakin kogi inda ake ganin ƙafar gada, wata rijiya, wani kududdufi ko mashayar dabbobi, wata hanyar ruwa da kacala ta fara kamawa. A kowane wuri a kafa turke ko a shafa fenti a dutse inda mai ɗauka zai tsaya. A sa wani abin da ba ya motsi a cikin hoton, kamar kuka ko ginshiƙi ko hasumiya, a gefe ɗaya kullum. A ɗauka ranar farko ta kowane wata, a lokaci ɗaya, waya a kwance, ba tare da jawo hoto da yatsa ba domin yana ɓata shi. A rubuta kwanan wata a allo ƙarami a riƙe a kusurwa, saboda hoton da ya bi ta WhatsApp yakan rasa bayanansa. A ajiye asalin a wuri biyu.

Rijiya ba a ɗaukar cikinta, duhu kawai za a gani, kuma ban yarda yaro ya leƙa ba. Igiyar guga ake ɗauka. Da asuba kafin a fara ja, babban mutum ya zura guga har ya taɓa ruwa, a ɗaura ƙyalle a igiyar daidai bakin rijiya, a fito da ita a miƙe a ƙasa kusa da ma'auni, a ɗauka. Wata shida na irin wannan hoto, in aka jera, duk wadda ta taɓa jan ruwa za ta karanta shi ba sai an yi mata bayani ba, domin gaba nawa aka ƙara a kafaɗarta take ji.

Tsuntsayen kuma kada ku bar su, suna da nasu aikin. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu agwagin ruwa da wasu tsuntsaye masu yawa suna zuwa daga Turai su yi hunturu a fadamun nan, shi ya sa tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamun duniya a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Yaron da ya iya bambanta kirinjijiya da dinya, ya san shamuwa tana dawowa gab da damina, ya ji daga bakin kakansa cewa da gauraka ba ta da wuyar gani kamar yanzu, wannan yaron ya fara ɗaukar fadama a matsayin tasa. Amfanin wannan a kan masu ɗaukar hoton ya fi fitowa, kuma a hankali. Waya ba ta kamo tsuntsu daga nesa, don haka su ɗauki garke da faɗin wuri, da hantsi ko la'asar sakaliya, rana a bayansu, su goge gilashin saboda ƙurar hunturu. Kada su kori tsuntsaye don su tashi, kada su matsa kusa da sheƙa, kada kuma su bayyana ainihin wurin da suka ga wani mai wuyar samu, maharba ma suna da waya. Dagona tana ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Chadi, sai da izinin ma'aikatansa.

Izini ya shafi mutane ma. A fara da mai unguwa. Kada a ɗauki mata a bakin rijiya ko yara suna wanka, kada a nuna fuskar wani ko ƙofar gidansa a matsayin mai ɓarna, domin wanda aka kunyata kare kansa zai yi maimakon gyara. Tankin da ke ambaliya za a ɗauka, a je a nuna wa mai shi a keɓe. A nisanci shingen jami'an tsaro da duk inda aka hana. In wani uba yana ƙyamar hoton mai rai, a ba ɗansa aikin igiya da kogi da bishiya.

Sai wa za a nuna wa. A Amurka, hotunan da William Henry Jackson ya ɗauko a Yellowstone a 1871 'yan majalisa aka kai wa, masu alƙalami a hannu, a 1872 aka mayar da wurin gandun ƙasa. Ku ma kowane hoto ku tambayi kanku wa yake da ikon gyara abin da ke ciki. Na famfon masallaci kwamitin masallaci, na igiya mai unguwa da kansila, na kacala sarkin ruwa da sarkin noma da ƙungiyar masu ban-ruwa, tunda su suke iya kiran gayya a buɗe hanya. A wanke hotunan a takarda, biyu-biyu, na da da na yanzu, da layi ɗaya a ƙasa mai faɗin wuri da rana da abin da ake roƙo. Facebook zai kawo muku yabo daga Abuja da Legas, amma dattijon da zai ce a yi, a zaure za ku same shi. Ranar 2 ga Fabrairu ta fadamu ta duniya da 22 ga Maris ta ruwa suna ba da dalilin kiran taro a makaranta.

Ki sani hoto yana da iyaka. Ba ya ganin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba ya faɗin dalili, kuma shekara ɗaya ba ta isa a ce abu yana raguwa ba. Wanda ya ɗauki kwarin nan a ambaliyar 2022 zai rantse ba a taɓa fari a nan ba. Yawan ruwan da za a saki daga Tiga da Chalawa, da lokacin sakinsa, magana ce ta hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da gwamnatocin jihohi, ta fi ƙarfin ƙungiyar ɗalibai, ko da yake jerin hotuna na shekara biyar masu kwanan wata abu ne da wakilinku zai iya ajiyewa a teburin taro. A iya abin da na gani da idona, hoto ya sa an gyara famfo, ya sa an fito gayyar yankan kacala, ya sa manomi ya gwada bututu bayan ya ga gonar maƙwabcinsa. Ban taɓa ganin ya sa mai jarka shida ya koma biyar ba, kuma ba na fatan ya sa.

Wannan makon ku fara da famfon makarantarku in yana ɗiga. A tara gorar ruwa mai awo a ƙarƙashinsa minti goma, a ɗauki hoton gorar da agogo a gefe. Abin da aka tara a ninka shi sau 144, shi ne na yini da kwana. A raba da 25 a ga jarka nawa ne, a buga da kuɗin jarka na yau a unguwarku. A kai wa shugaban makaranta hoton da lissafin, in an canza robar a sake tara gorar minti goma a wuri ɗaya a ɗauka. Hotunan nan biyu ki fara nuna wa maigida, ki gaishe mini da shi.